Daga Teku Zuwa Falgore: Tarihin Ruwa da Daji a Kudancin Kano

Ruwan da ya shiga Kogin Kano ba ya komawa teku. Yana tasowa daga tuddan da ke arewacin tsaunukan Jos, ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya taru a madatsar Tiga, ya haɗu da Kogin Challawa kafin Wudil. Daga nan sunansa ya koma Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa, ɗan abin da ya rage ya ƙare a Tafkin Chadi. Amma asalin ruwan daga teku ne. Kowace shekara idan bazara ta kai ƙarshe, iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ta keto fiye da kilomita 600, ta kawo danshin da hadari ke haɗuwa da shi a samaniyar Bebeji da Kiru. Manomi yana ganin hadari ya haɗo daga gabas, gaskiya ne kuma daga gabas yake tahowa, sai dai ruwan da ke cikinsa teku ce ta aiko shi.

Saboda haka idan ana maganar teku tana cika tana cin gaɓa, guguwa kuma tana ƙara ƙarfi, kada mutumin Tudun Wada ya ɗauka labarin mutanen Legas ne kawai. Zafin da ke kumbura teku shi ne yake sauya halin damina a nan. Kuma abin da ya tsaya tsakanin ruwa mai ƙarfi da gidajen mutane, a bakin teku da nan kudancin Kano, abu ɗaya ne: daji.

Yadda dajin ya samu

Kudancin Kano ya fi kowane yanki na jihar samun ruwan sama. A ƙasar Doguwa ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, kuma a can ne duwatsun Riruwai suke, waɗanda suka fi ko'ina tsawo a jihar. Wannan ne ya sa itatuwan wurin suka bambanta da na arewacin Kano. Doka ce ta fi yawa a kan tudu, tare da maje da kawo da marke da ƙirya da kaɗanya. A bakin rafuka kuma akwai kurmi mai duhu, inda maɗaci da kanya da ɗinya suke miƙewa, saiwoyinsu na riƙe da gaɓa.

Ƙasar ba ta taɓa zama kango ba. Tun kafin zuwan Turawa ana haƙar kuza a Riruwai ana narka ta da gawayi, fatake na kai ta kasuwanni masu nisa. Bebeji kuwa babban zango ne a kan hanyar Zazzau zuwa Kano. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya bi ta garin a 1826, ya same shi cike da jama'a da ciniki a cikin ganuwarsa. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, wanda fataucin goro ya kai shi har Ankara ta ƙasar Gana, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Ashe tun tuni mutanen wannan yanki sun san bakin teku da ƙafafunsu.

Abin da ya ba daji damar bunƙasa a ƙarni na 19 shi ne rashin zaman lafiya. Wajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa saboda saɓani a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Daga can magadansa, musamman Ɗan Maje, suka shafe shekaru suna kai hare-hare kudancin Kano. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. A wannan zamani mutane suka tattare cikin garuruwa masu ganuwa irin su Tudun Wada, gonakin nesa suka koma saura, saura ta koma daji. Ƙudan tsando ya samu mafaka a kurmin bakin rafi, yana sa wa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Shi ma ya taimaka wajen hana jama'a komawa.

Gandun daji

Turawa sun ci Kano a 1903. Shekara goma bayan haka aka yi fari mai tsanani da yunwar da ake kira Kakalaba, a 1913 zuwa 1914. Wannan da wasu shekarun ƙarancin ruwa suka sa hukumomin mulkin mallaka fargabar cewa Hamada na gangarowa kudu. A 1935 wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi ta yaɗa wannan gargaɗi, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga alamar yashin Hamada na tafiya ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar da sara da ƙuna suke yi, ya kuma ba da shawarar a keɓe dazuzzuka.

A daidai wannan lokaci, a maƙwabciyar ƙasar Anchau ta Zazzau, hukuma ta bi wata hanya dabam. Daga 1937 aka shiga sassabe kurmin bakin rafuka domin kawar da ƙudan tsando, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Cutar ta ragu ƙwarai, wannan alheri ne da ba a musunsa. Amma tunanin cewa kurmi gidan cuta ne, sare shi kuma ci gaba ne, ya daɗe a zukatan mutane bayan ƙudan ya tafi.

A shekarun 1940 aka shata gandun dajin Kogin Kano a ƙarƙashin En'e. A shekarun 1960 aka ɗaga matsayinsa ya zama wurin kare namun daji, aka sa masa sunan Falgore, sunan wani tsohon gari da kufansa ke cikin dajin. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 920, ya shafi ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ta gabas kuma yana maƙwabtaka da dajin Lame Burra na Bauchi. A wancan zamani ana samun gwanki da ɓauna da mazo da gada da gadu da gwaggon biri, da masu farautarsu irin su kura da damisa. Masana tsuntsaye na duniya ma sun sa Falgore da Lame Burra cikin jerin wuraren da suke da muhimmanci ga tsuntsaye a Nijeriya.

Fari da madatsun ruwa

Shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun ruwa ne. A 1963 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai sama ta fara ɗaukewa, har aka shiga farin 1972 da 1973, wanda ya kashe dabbobi ba adadi daga Senegal zuwa Chadi, ya koro jama'a kudu.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko kuma shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako. Ya ɗauki maganar ruwa da gaske. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 22. Sannan daga 1971 zuwa 1974 aka gina Tiga a kan Kogin Kano, bango mai tsawon kilomita 6, wanda ya tara ruwa kusan mita kubik biliyan 2 a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. An tashi ƙauyuka, an mayar da mutanensu wasu wurare. Daga Tiga aka ja babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda noman rani na shinkafa da alkama da tumatir ya sauya rayuwar dubban gidaje. Birnin Kano ma yana shan ruwan wannan kogi ta matatar Tamburawa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta karɓi kula da aikin.

Daga ranar da aka datse kogin, aikin Falgore ya ƙaru. Tafkin Tiga ya zama iyakar dajin ta arewa, kuma duk ruwan da zai shiga tafkin ta wannan kogi sai ya bi ta cikin daji. Inda ganye da ciyawa suka rufe ƙasa, ruwan sama yana sauka a hankali, ya nutse, ya riƙa fitowa ta idanun ruwa har cikin rani. Inda ƙasa take tsirara, ruwa yana gudu a kanta, ya kwashi yashi da laka ya kai cikin tafki. Kowace tifa ta laka da ta kwanta a ƙasan Tiga ta cinye wurin da ruwa zai zauna. Waɗanda suka tsara aikin sun san haka, shi ya sa tare laka daga shiga Tiga yake cikin manyan dalilan da ake bayarwa na kare Falgore.

Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, ya ma fi na farko tsanani a wurare da dama, ga kuma annobar bushiya da ta afka wa shanu a 1983. Tafkin Chadi ya ƙanƙance ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da. Makiyaya daga arewa suka yi ta gangarowa inda sauran ciyawa da ganye suke, manoma suka matsa bakin daji, masu neman abin sawa a baka suka koma sayar da itace.

Shekara da shekaru ana ɗora laifin farin a kan talakan Sahel. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da dabbobi suka cinye ciyawarta tana mayar da hasken rana sama, ta hana hadari haɗuwa. Daga baya bincike ya nuna inda babban dalilin yake. Masana a Ingila a 1986, sannan Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, sun nuna cewa zafin saman tekuna ne yake jan ragamar daminar Sahel. A shekarun farin, arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da tekunan kudu da Tekun Indiya, sai iskar damina ta yi rauni, ta kasa kai danshi can cikin ƙasa. Wato yunwar da aka sha a Kano da Maraɗi, a teku aka ƙulla ta.

Agustan 1988

Bayan kusan shekara ashirin ana roƙon ruwa, daminar 1988 ta zo da ƙarfin da aka manta da irinsa. A watan Agusta aka yi ta sheƙa ruwa a Kano da kewaye, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa. Madatsar Bagauda ta cika ta batse, bangonta ya ɓalle. Ruwan ya bi ta kan gonaki da ƙauyukan da ke ƙasa da ita, ya ci rayuka da dabbobi da amfanin gona, dubban mutane suka rasa matsuguni.

Tsoron da ya biyo baya ya fi ɓarnar kanta girma, domin Tiga tana nan kusa, kuma ruwan da take ɗauke da shi ya ninka na Bagauda fiye da sau tamanin. Injiniyoyi suka duba bangonta, aka yanke shawarar rage mata nauyi. A 1992 aka rage tsawon mafitar rarar ruwanta da mita uku da rabi, abin da ya rage yawan ruwan da take iya riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A shekarar ce kuma aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye.

Wannan mataki ya kare bangon, amma yana da nasa sakamako. Tafkin da aka rage wa ciki ya fi saurin cika, kuma idan ya cika, duk abin da ya ƙaru wucewa yake yi. Tun daga lokacin, abin da ke rage wa ambaliya kaifi kafin ta iso Tiga ya ƙara daraja, kuma babu abin da ke wannan aiki sai ƙasar da ke sama da tafkin da itatuwan da ke kanta.

Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, madatsun sun sauya tsarin da aka gada. A da kogi yana cika da damina ya malale fadama, ya janye da rani, masunta da manoman shinkafa da makiyaya kowa ya samu rabonsa a lokacinsa. Da ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Hanyar da ta toshe kuwa ba ta iya ɗaukar ruwa mai yawa idan ya zo, sai ya fasa ta cikin gari.

Ruwa ya dawo da wani hali

Daga shekarun 1990 damina ta fara farfaɗowa, sai dai ba irin wadda dattawa suka sani ba. Ruwa yakan yi jinkiri, ko ya sauka a yi shuka sannan ya ɗauke na makonni, daga baya ya zo a dunƙule cikin dare ɗaya. A ƙarshen Agustan 2001 Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa, ambaliya ta shafi garuruwan bakin kogi daga wajen Wudil har cikin Jigawa. A Satumban 2010 aka sake yin haka, jami'an Jigawa suka ce buɗe madatsun aka yi, masu kula da su kuma suka ce cika suka yi ruwa ya bi mafitarsa. A 2012 ambaliya ta game Nijeriya, ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta fi ta muni wajen asarar rayuka, sama da mutum 600, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Duk wanda ya san Bagauda ya gane abin da ya gani.

Abin da manoma suka lura da shi, ma'auni ya tabbatar. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, daga 1982 zuwa 2016. Sun gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku. Dalilin da suka bayar shi ne Hamada tana ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci kuma yana ƙarfafa iskokin da ke gina hadari. Ga kuma wata ƙa'ida da masana suka daɗe da sani: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Duniya ta riga ta ƙara zafi da fiye da digiri ɗaya tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Masanan da suka binciki ambaliyar 2022 sun ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya sa yiwuwar samun irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi ta ninka kusan sau 80.

Shi kansa daji yana jin wannan sauyi a jikinsa. Itacen da ke cikin 'yan'uwansa yana jure iska, amma wanda aka sare na kewaye da shi aka bar shi tilo, iskar farkon damina tana tumɓuke shi. Ruwa mai ƙarfi idan ya sauka a kan ƙasar da aka ƙone da rani, babu ganye babu ciyawa, yana wanke ƙasar sama wadda iri ke tsira a cikinta, ya buɗe kwazazzabo. Rafi idan ya cika fiye da ƙima yana cin gaɓarsa, itatuwan kurmi su kife ciki, yashi ya binne gurbin da ruwa ke kwanciya da rani, inda dabbobin daji da shanu suke sha. Ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina kuma tana kashe ƙananan tsiro kafin saiwarsu ta kama. Ta haka daji yake tsufa ba tare da magada ba.

Abin da ke faruwa a bakin teku

Tekuna sun shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya tara a duniya. Ruwa idan ya yi zafi yana kumbura, ga kuma ƙanƙarar duwatsu da ta ƙarshen duniya tana narkewa tana kwarara ciki. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2021 cewa teku ta ƙaru da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma saurin ƙaruwar a shekarun baya-bayan nan ya kusa ninka na farkon ƙarni na 20 sau uku.

Santimita 20 kamar ba komai ba ne, amma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin gaɓar Nijeriya mai tsawon kimanin kilomita 850, yana nufin igiyar ruwa tana kaiwa inda ba ta kaiwa a da. Garin Ayetoro na ƙasar Ilaje a Jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, teku ta cinye babban ɓangarensa, da gidaje da makarantu. A Legas, gaɓar Bar Beach ta yi ta zaizayewa tun bayan da Turawa suka gina shingayen mashigar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, har sai da aka gina katafaren bangon duwatsu. Keta a Gana da Saint-Louis a Senegal duk suna cikin wannan hali. A yawancin wuraren nan hannun ɗan'adam ya riga ya raunana gaɓar, cikar teku ta zo ta ƙarasa.

A yankin Neja Delta akwai dajin mangurof mafi girma a Afirka. Itatuwa ne da ke tsaye a cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi masu kama da ƙafafu. Suna karya ƙarfin igiyar ruwa, suna kama laka su gina ƙasa, a cikin saiwoyinsu kuma kifi da jatan lande suke hayayyafa. Malalar ɗanyen mai da saran itace da wata irin kwakwar ruwa da aka shigo da ita daga Asiya a 1906 sun rage su ƙwarai. Inda suka ɓace, ruwan gishiri yana kutsawa cikin rafuka da rijiyoyi, ya kashe itatuwan da ba su saba da gishiri ba. A Bangaladash an ga ɗaya gefen al'amarin: lokacin da guguwar Sidr ta afka wa ƙasar a 2007, dajin Sundarban ne ya fara karɓar dukan, ya yi mummunan rauni, amma ya rage wa garuruwan da ke bayansa ɓarna.

Akwai ma wata alaƙa da ba kowa ya sani ba. Haduran da ke wucewa ta kan ƙasar Hausa daga gabas zuwa yamma suna tafiya ne tare da wasu manyan igiyoyin iska. Idan waɗannan suka fita teku ta wajen Senegal suka tarar da ruwa mai ɗumi, wasunsu suna rikiɗa su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa tsibiran Karebiyan da Amurka. Iska ɗaya ce, ruwa ɗaya ne ke zagayawa.

Falgore a shekarun baya-bayan nan

A daidai lokacin da aka fi bukatar dajin, a lokacin ne aka fi sakaci da shi. Hanyar Kano zuwa Jos, wadda ta rabu daga Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa tsakiyarsa, kuma duk matafiyi ya san buhunan gawayi da tarin itacen da ke jere a gefenta. Birni mai miliyoyin mutane yana girki kullum, kuma duk lokacin da kananzir ko gas suka yi tsada, daji ne ke biya. Masu gawayi sun fi son ƙirya da marke saboda ƙarfinsu, masu katako suna bin maɗaci da kawo da doka, makiyaya suna sassake rassa da rani, mafarauta suna sa wuta, gonakin masara suna matsowa. Manyan namun dajin da aka keɓe wurin dominsu sun zama sai labari.

Sai kuma rashin tsaro. A wajen 2015 dajin ya yi ƙaurin suna a matsayin maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A 2017 sojoji suka gudanar da atisayen Harbin Kunama na biyu a yankin, aka kuma mayar da wani sashe na dajin filin horar da soja. Gwamnatin Kano ta Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya na ƙasar Kiru. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙirƙiro sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, Falgore da fadamar Haɗeja suna ciki. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin arewa. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma takarda ba ta tsirar da itace. Abin da zai nuna amfaninsu shi ne ko an samu ma'aikata da kayan aiki a cikin daji, ko an shata iyaka an mutunta ta.

Abin da tarihin ke nema daga gare mu

Kakanninmu sun sha fari, iyayenmu suka amsa shi da madatsun ruwa, kuma sun yi aikin da har yau ake cin moriyarsa. Jarrabawar wannan zamani ta zo da fuska biyu, ƙarancin ruwa da yawansa, wani lokaci a damina ɗaya. Bangon Tiga shi kaɗai ba zai iya da su ba. Kamata ya yi a riƙa lissafa Falgore a matsayin wani ɓangare na madatsar, a ware masa kuɗi kamar yadda ake ware wa gyaran bango da hanyoyin ruwa. A riƙa auna lakar da ke ƙasan tafkin a kai a kai, a bayyana wa jama'a sakamakon. A sa ma'aunan ruwan sama da na kogi a Doguwa da Tudun Wada, domin mutanen Wudil da Ringim da Haɗeja su samu gargaɗi tun ruwa bai iso su ba. A fara maido da kurmin bakin rafuka, domin a nan ne ƙaramin aiki yake haifar da babban amfani.

Kora da kame kawai ba za su tsare daji ba, muddin mai gawayi ba shi da wata sana'a, uwargida kuma ba ta da wani makamashi. Mutanen Maraɗi sun nuna wata hanya. Tun daga 1983 manoma a can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya toho a gona, a rage masa rassa a rene shi. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, a ƙasar da ruwanta bai kai na Doguwa ba. Abin da ya sa ya yiwu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Idan gonakin Kiru da Bebeji da Tudun Wada suka samar da itacen girki da ganyen dabbobi, gatari zai rage shiga gandu. Idan hakimai da dagatai da arɗoɗin Fulani da ƙungiyoyin mafarauta suna da murya da rabo a cikin kula da dajin, za su tsare shi fiye da kowane baƙo.

Mutumin Doguwa ba shi ya ɗumama teku ba, kuma ƙasashen da suka tara hayaƙin suna da bashin da ya wajaba su biya. Amma ko sun biya ko ba su biya ba, hadari mai ƙarfi zai ci gaba da zuwa, kuma ba mu da ikon hana shi sauka. Ikon da muke da shi yana kan ƙasar da zai sauka a kai, ko ya tarar da ita a rufe da itatuwa ko ya tarar da ita tsirara. Wannan zaɓi yana hannun gwamnatin Kano da ta tarayya da masarautu da jama'ar da ke zagaye da dajin, kuma kowace damina da ta wuce ba a yi komai ba tana ƙara wa aikin tsada.